Daga Dala zuwa Wikki har Sukur: yadda za ka shirya tafiyar mota zuwa wuraren tarihi da gandun daji

Tafiyar da zan zayyana maka ta kwana biyar ce idan ka tsaya a Yankari, kwana tara ko goma idan Allah ya ba ka ikon zarcewa har Sukur. Tana farawa daga gindin Dutsen Dala a Kano, ta bi ta Birnin Kudu, ta sauka Bauchi, ta shiga daji, sannan ga mai hali ta ƙare a kan duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Duk inda za ka tsaya wuri ne da doka ta kare, wani a hannun gwamnatin tarayya, wani a hannun jiha, ɗaya kuma yana cikin jerin kayan gadon duniya na UNESCO. Sai dai abin da na lura da shi, masu riƙe da waɗannan wurare a zahiri su ne mai gadi, da ɗan rakiya, da ma'aikacin daji, da mai unguwa. Idan ka je musu a matsayin baƙo mai sallama, za su nuna maka abin da ka fito nema har da ƙari. Duk shirin da ke ƙasa a kan wannan na gina shi.

Fara da zaɓen lokaci

Yankari ce ke yanke maka lokacin tafiya, sauran wuraren su bi bayanta. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun watsu cikin daji, hanyoyin ciki kuma sun jiƙe. Sai ka yini kana zagaye ba ka ga komai ba sai tsuntsaye. Da rani kuwa tafkuna sun ƙafe, komai na komawa bakin kogin Gaji shan ruwa. Saboda haka ka sa tafiyarka tsakanin ƙarshen Disamba da Afrilu.

A cikin wannan tsakanin ma akwai zaɓi. Janairu da Fabrairu sun fi daɗin tuƙi da barci, amma hazo yakan rufe nesa, hoto ya fito fari-fari. Maris da Afrilu akwai zafi mai tsanani, amma a lokacin ne aka fi ganin giwaye. Idan da yara ko dattijo a motar, ni Fabrairu nake zaɓa. Ka duba kalanda kada ranakunka su faɗa cikin azumi ba ka shirya ba, kuma ka guji makon Sallah da na Kirsimeti da sabuwar shekara, domin sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin Yankari, yakan cika maƙil, ɗaki ya yi wuya, hayaniya ta kori duk wata dabba da ke kusa.

Motar

Ba dole sai babbar mota ba. Ƙaramar mota mai lafiya tana kai mutum har sansanin Wikki. Amma idan da Sukur a lissafinka, nemi mota mai tudu, wadda cikinta ba zai riƙa dukan ƙasa ba.

Kai ta wajen bakanike mako guda kafin tafiya, ba jajibiri ba, don idan an canza wani abu ka samu kwanakin gwada shi a cikin gari. A yi juyen mai, a duba birki, da lagireto, da fambel, da batir, da fitilu. Taya kuwa ka duba ta da idonka. Na taɓa sayen taya ta hannu a wajen wani mai faci da ya rantse mini sabuwa ce fil. Bayan Ningi kaɗan, da tsakar rana, ta fashe, muka yi awa biyu a gefen titi da yara a mota. Tun daga ranar ba na hawa doguwar hanya sai na karanta shekarar da aka yi tayar a jikinta, kuma sai na tabbatar safayar tana da iska. Jak, sifanar taya, abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, tocila, da jarkar ruwa lita ashirin, duk su shiga but tun daren tafiya.

Takardu su zauna a jaka guda a gabanka: lasin tuƙi, takardun mota, inshora, katin shaidar ɗan ƙasa na kowane babba. Za ka haɗu da shingayen bincike da yawa, musamman daga Gombe zuwa gaba. Rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, yi sallama, faɗi inda za ka kai tsaye. Mai cikakkun takardu da sakin fuska ba ya daɗewa a shinge.

Sai dokar da ba na sassautawa a kanta: ba tuƙin dare. Ka fita bayan sallar asuba, ka kasance a masauki kafin magariba. Duk lissafin kwanakin nan a kan haka yake. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, ka yi amfani da shi don kada tsayawa ta ci maka hasken rana.

Kuɗi da guzuri

Riƙe tsabar kuɗi, da canji ƙanana. A Kano da Bauchi da Gombe da Yola za ka samu masu POS ko'ina, amma a ƙofar daji ko a ƙauye sabis yakan ɗauke. Kuɗin shiga, da na mota, da na kyamara, da na ɗaki suna canzawa, don haka ka kira ka ji farashin ranar, ka kama ɗaki tun kafin ka baro gida. Ka ware wani abu daban na ihsani ga 'yan rakiya, ka ɗauke shi cikin kuɗin tafiya kamar kuɗin mai.

Cika tanki a kowane babban gari ko da bai yi rabi ba. Guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa: ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, garin kwaki da sukari, burodi, ruwan sha mai yawa. Ƙara gidan sauro, maganin sauro na shafawa, maganin zazzaɓi da na gudawa, hula, da takalmi mai rufi.

Rana ta ɗaya: Kano

Ko a Kano kake zaune, ka ba ta yini guda cur, ka zaga ta da idon baƙo. Hau Dala da sanyin safiya. A nan ne tarihi ya ce Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda. Daga sama za ka ga Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da yadda tsohon gari ya kwanta a cikin da'irarsa.

Daga nan ka sauka Gidan Makama, gidan da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. Kada ka yi saurin wuce tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da ke ajiye a ciki. Ɗaga kai kuma ka kalli ɗaurin guga, ka ga yadda magina suka ɗora rufi da azara da ƙasa ba siminti ba ƙarfe. Da la'asar ka leƙa marinar Ƙofar Mata, inda har yau ake rini da baba da toka a cikin rijiyoyi. Ka sayi ko da ƙyalle ɗaya ne. Cinikin nan shi ke riƙe marina a bakin rijiya.

Ganuwa ce za ta sosa maka rai. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gininta a tsakanin 1095 da 1134, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO don a duba. Yau a wurare da yawa ta zama tudun ƙasa, an yanka ta an yi shaguna, an ɗebe ƙasarta an yi bulo. Ka tsaya a inda ta rage, wajen Ƙofar Na'isa ko Gadon Ƙaya, ka nuna wa yaranka. Wannan kallo zai sa ka fahimci darajar abin da za ka tarar a gaba, inda aka fi kulawa.

Rana ta biyu: Birnin Kudu, sannan Bauchi

Fita ta Wudil, ka bi ta Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, tafiyar kamar awa biyu. Mutane da yawa suna wuce garin nan a guje ba su san abin da ke bayan gidajensa ba. A cikin duwatsun da ke kewaye da shi, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen da mutanen zamanin da can suka yi a jikin dutse, yawanci na shanu. Wuraren suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma tana da ma'aikata a garin. Su za ka fara nema. Kada ka kama hanyar dutse kai kaɗai, don ba za ka gane wurin ba, kuma shiga ba izini rashin ladabi ne.

Ka kalli shanun da kyau. Suna da ƙaho, amma ba su da tozo, ba irin shanun da Fulani ke kiwo a yankin yau ba ne. Wato wanda ya zana su ya rayu da wata irin dabba daban. Sai ka roƙi ɗan rakiya ya nuna maka dutse mai kiɗa. Zai ɗauki ɗan dutse kamar dunƙulen hannu ya ƙwanƙwasa wani faffaɗan dutse, sai ka ji ƙara mai zaƙi kamar ta ƙararrawa, ya matsa gefe ya buga, sautin ya canza. Inda ake bugawar ya lotsa ya yi santsi saboda hannuwan da suka riga naka. A nan Birnin Kudu ne mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarin irin waɗannan duwatsu a shekarun 1950. Zanen kuwa kada ka taɓa shi da hannu, kada ka watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada ka rubuta sunanka a kusa. Abin da ya jure rana da ruwa na ɗaruruwan shekaru, gawayin yaro ɗaya yana ɓata shi a minti guda.

Kafin azahar ka kama hanya ta Babaldu zuwa Ningi, ka shiga Bauchi da sauran rana. Daga Kano zuwa Bauchi gaba ɗaya kimanin kilomita 300 ne. Idan lokaci ya ba ka, a kan wannan hanya akwai gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya. Idan rana ta yi nisa, bar shi sai a dawowa. Da dare ka nemi masar Bauchi da miyar taushe.

Rana ta uku zuwa ta biyar: Yankari

Da safe ka fara da kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, ba ado ba ƙyale-ƙyale. Akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayansa. Yi masa addu'a, sa hannu a littafin baƙi, ka cika tanki, ka sayi duk abin da ya rage maka, domin daga nan sai daji.

Bi hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karya dama zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. A nan za a rubuta sunanka da lambar mota, ka biya, ka karɓi rasit. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin daji, jimillar tafiyar daga Bauchi kusan kilomita 110. Tuƙa a hankali. Tun a wannan hanya kana iya cin karo da gadu ko mazo yana tsallakawa.

Yankari tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Garken giwayenta yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, dorina, kada, da 'yan zakuna kaɗan waɗanda ganinsu sai babban rabo.

Da isarka, kafin ka sauke kaya, je ofis ka rubuta sunanka a zagayen safiyar gobe. Ana fita sau biyu, da sassafe da kuma la'asar, a motar gandun ko a taka idan ta dace, amma ko ta wace hanya sai da ɗan rakiya. Na safe ya fi. Kuma dalilin da ya sa na ware wa Yankari kwana biyu ke nan: dabba ba ta da alkawari da kowa. Wanda ya yi zagaye ɗaya bai ga giwa ba sai ya koma gida yana cewa babu komai a Yankari. Wanda ya yi uku ko huɗu, da wuya ya koma haka.

A cikin mota ka yi shiru, ka kashe ƙarar waya, kada ka sauka sai an ce ka sauka. Sa riga mai dogon hannu mai launin ƙasa, ka guji baƙi da shuɗi mai duhu, don su ne ke jawo ƙudan tsando a bakin kogi, kuma cizonsa da zafi. Ka yi wa ɗan rakiyarka tambaya. Shi zai nuna maka kashin giwa ya ce na daren jiya ne, ya nuna maka reshen da ta karya, ya gaya maka ta ina garken ya bi. Mutanen nan suna kwana a daji suna fuskantar mafarauta masu bindiga, akwai waɗanda suka rasa rayukansu a wannan aiki. Saboda haka idan wani ya tare ka a hanya da naman daji, kada ka saya, komai arharsa.

Ka nemi a kai ka kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin da can suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren da aka narka tama. Suna tuna maka cewa dajin nan ya taɓa zama garin mutane.

Sai ruwan Wikki. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ka je bayan asuba a lokacin hunturu, kafin kowa ya tashi. Tururi na tashi a kan ruwan, bishiyoyi sun yi masa rumfa, kana tsaye ruwa har ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ta wajen dutsen yana da zurfi, yara su tsaya ta ƙasa inda bai kai gwiwa ba. Kada ka shiga da sabulu, kada ka yi wanki, kada ka bar leda ko roba. Iyali masu son sutura su zaɓi wannan lokaci na safe, sun fi sakewa.

Bika kuwa sai ka yi hattara da ita. Birai ne manya da suka saba da mutane a sansanin. Na ga wata ta buɗe ƙofar motar da ba a kulle ba, ta ɗauke ledar burodi, ta hau rufin ɗaki tana ci, mai motar na tsaye da mukulli a hannu. Kulle mota, kulle ɗaki da taga, kada yaro ya yi yawo da abinci a hannu, kuma kada ka ba su komai da kanka. Mai ba su yau shi ke koya musu ƙwace gobe.

Shawarar da za ka yanke a Wikki

A rana ta biyar ko dai ka juya Kano ta Bauchi, ko ka zarce Sukur. Wannan shawara ba a yanke ta da taurin kai. Sukur tana ƙaramar hukumar Madagali a arewacin Adamawa, yankin da Boko Haram ta addaba, kuma ta kai wa Sukur ɗin kanta hari a 2014, ta ƙona gidaje. Kafin ka motsa, ka yi magana da ofishin hukumar gidajen tarihi a Yola, da wani ɗan yankin da ka amince da shi, da direbobin tashar Mubi, waɗanda suka fi kowa sanin halin hanya a wannan makon. Idan ɗaya daga cikinsu ya ce ka dakata, ka dakata. Ko hanyar Yankari ma ka tambayi labarinta a Bauchi kafin ka shiga.

Idan hanya ta yi kyau: Sukur

Kwana a Gombe. Washegari ka bi ta Kaltungo da Numan zuwa Yola, ka kwana. Rana ta gaba ka bi ta Gombi da Hong zuwa Mubi, ka kwana a can, sannan ka yi sammako ta Michika da Gulak zuwa gindin dutsen, tare da ɗan rakiyar da aka haɗa ka da shi tun daga Yola ko Mubi.

Mota tana tsayawa a Sukur Ƙasa. Sukur Sama da ƙafa ake hawanta, a kan hanyar da kakanninsu suka shimfiɗa da faffaɗan duwatsu tun daga ƙasa har sama. Ka ba hawan awa biyu, ka riƙe ruwa, ka fara kafin rana ta yi zafi. A hanya za ka ga tsofaffin mata da kaya a ka suna wuce ka.

Wannan ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya, a 1999. Na biyun shi ne dajin Osun da ke Osogbo, a 2005. Abin da aka karrama a Sukur rayuwa ce da ake yi har yanzu: gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse aka tokare da jerin duwatsu don ruwa kada ya wanke ƙasa, rumbuna, ramukan da ake turke sa a ciki a yi masa kiwo, da matoyar tama, domin garin ya daɗe yana sayar wa maƙwabtansa ƙarfe. A sama akwai fadar sarkinsu, wanda ake kira Hidi, an gina ta da dutse a kan dutse.

Gaisuwar Hidi ita ce farkon abin da za ka yi, kafin kyamara ta fito daga jaka. Riƙe goro ko wani abin gaisuwa, ka bi yadda ɗan rakiya ya nuna maka wajen zama da magana. Akwai wuraren ibadarsu da baƙo ba ya shiga, akwai duwatsun da ba a zama a kai. Idan an ce kada ka ɗauki hoto, mayar da wayar aljihu. Kada ka ɗauki hoton mace ko tsoho sai ka tambaya, kada ka tsinci kashin tama ko ɓallin tukunya ka sa a jaka da sunan tsaraba. Idan suna da abin sayarwa, kwando ko ƙoshiya ko ɗan abin ƙira, wannan shi ne tsarabarka.

Ka fara saukowa da azahar, don gwiwa ta fi jin jiki a gangara, kuma kana so ka isa Mubi da hasken rana. Dawowa Kano daga can kwana biyu ne: Mubi zuwa Gombe ta Yola da Numan idan ka fita da asuba, sannan Gombe zuwa Kano ta Bauchi da Ningi. A wannan rana ta ƙarshe, idan ka bar Gombe da wuri, za ka samu awa biyun da za ka ratsa Sumu ka ga raƙuman dawan da ka bari a baya.